Takardar da Baba Kunne Ya Yage

Ranar Litinin, uku ga watan Fabrairun 2003, da ƙarfe bakwai da minti goma na safe, na fara ganin Baba Kunne. A ranar na kama aiki a matsayin akawun motoci a ofishin da ke kula da rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka. Ina shiga harabar na hangi mutum kwance a ƙasa dab da tayar wata a-kori-kura, motar kuma tana tafiya a hankali. Na yar da jakata na ruga ina ihu a tsaya, an taka mutum. Sai mutumin ya ɗago kai ya harare ni.

"Kai ne sabon akawun? To ka ɓata min sauraro. Direba, koma baya mu sake."

Ashe ƙarar boris ɗin ƙafar baya, ƙarfen da taya ke juyawa a kai, yake saurare, kuma da bakanike ya kwance ƙafar, abin da ya faɗa ɗin aka tarar. Da irin wannan ya samu sunansa. A lokacin ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙi a ofishin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya kunna rediyo a mota, ba ya kuma son fasinja mai surutu. In kana gefensa ka cika baki sai ya ce, "Ɗan dakata, motar ma tana da abin faɗa."

Aikina shi ne littafin motoci: wa ya ɗauki makulli, ƙarfe nawa ya fita, ina ya je, kilomita nawa, lita nawa motar ta sha, ƙarfe nawa ya dawo. Kabad ɗin fayilolin direbobi ma a ɗakina yake. Fayil ɗin direba da laifi yake ƙiba: takardar tuhuma, amsar tuhuma, gargaɗi, rahoton haɗari. Na wani direbanmu da muke kira Babu Birki sai da na sauya masa bango sau biyu. Na Baba Kunne kuwa takarda uku ce rak a ciki: ta ɗaukar aiki, kwafin lasisi, da ta likita. Duk ƙarshen shekara sai ya leƙo ɗakina ya ce, "Akawu, miƙo min ɗan ramammen nan." In ciro in ba shi, ya ɗora a tafin hannu kamar mai awo, ya yi murmushi ya mayar min. Gidan haya ya zauna duk rayuwarsa, bai taɓa mallakar mota tasa ba. Abin da yake so kawai shi ne ya cika shekara talatin ya yi ritaya fayil ɗin nan yana nan a rame. Ya faɗa min haka ya fi sau goma.

Wannan fayil ɗin suka ɓata masa, kuma da hannuna aka buga wasu daga cikin takardun. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Tsofaffin motocinmu masu fowil ne irin na da: ƙaramar sanda a gefen giya, in ka iso taɓo ka tsaya ka ja ta, ƙafa huɗu su kama aiki tare, in ka hau kwalta ka mayar. Ranar sha biyu ga Maris ɗin 2018 aka kawo mana sababbi guda uku. Babu sanda. Sai wani maɓalli da ake murɗawa, kamar murfin kwalba, da hotuna huɗu a kewayensa: ganye, titi, taɓo, yashi. Wanda ya rako su daga hedkwata ya ce motar da kanta take raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya, direba ba ruwansa. Ya sha lemo ya tafi.

Baba Kunne bai gamsu ba. Ya ce, "In ba ruwana, me ya sa suka ba ni abin murɗawa?"

Ya ɗauki littafin da ya zo da motar ya kai gida. Rubutun ya fi ƙarfin karatunsa, don haka babbar 'yarsa, malamar makaranta, wadda yake kira Uwata, ita ta riƙa karanta masa shafi-shafi duk Asabar tana fassarawa. Ita ta ba ni labari cewa yakan sa ta maimaita layi ɗaya sau uku, sannan ya girgiza kai ya ce, "Uwata, wanda ya rubuta wannan bai taɓa maƙalewa a hanya ba. Sai na gani da idona."

Bayan ofishinmu akwai wurin wankin mota, ƙasa ce mai santsi da ɗan hawa. Ya jiƙe ta sharkaf da tiyo, ya ja layin alli a jikin kowace taya, ya ajiye min kujera a gefe.

"Kai mai son rubutu, zauna. Duk wadda ta fara juyawa ka rubuta."

Yamma huɗu muka yi muna wannan bayan an tashi aiki. Abin da na rubuta yana nan a shafi na arba'in da ɗaya zuwa arba'in da huɗu na littafin shekarar. A kan ganye, ƙafafun gaba kaɗai ke jan motar, na baya binsu kawai suke yi. Sai na gaba sun yi ta juyawa a banza har layin allin ya koma zobe, sannan na baya su farga su kama, kuma da fizga suke kamawa. Totur ma a mace yake, ka taka kamar ka taka katifa, kuma da motar ta ji santsi sai ta rage mai da kanta. A kan titi, gaba ke da kaso mafi yawa, amma baya tana sa hannu tun daga tashi. A kan taɓo, rabo daidai ne tun kafin a motsa. Allin huɗu tare suke tashi, motar tana barin tayoyin su ɗan juya su watsar da laka, wadda kuma ta rasa ƙasa sai a danne ta da birki a tura ƙarfin ga sauran. Yashi kusan haka ne, sai dai tana riƙe ƙaramar giya ta daɗe, ba ta barin gudu ya mutu.

A yamma ta huɗu ya fito daga motar yana goge hannu ya ce, "Na gane ta. Ganye gida ne da mutum biyu ke aiki, biyu na kwance, sai an yi ihu su tashi a gigice. A kwalta hakan daidai ne, me za ka tashe su su yi? Mai kawai za su sha. Amma in taɓo za ka shiga, tun daga ƙofa ake tashinsu."

Ya tara sauran direbobin ya koya musu. Ya ja musu kunne kuma cewa kada wanda ya bar ta a taɓo ko yashi a kan busasshiyar kwalta, don ƙafa huɗu za su yi ta kokawa da juna, taya ta cinye, abin da ke haɗa gaba da baya a ƙarƙashi ya ɗau zafi. Kowa ya ji ban da Babu Birki. A Fabrairun 2019 ya yi kilomita ɗari biyu da sittin a kwalta maɓallin yana kan yashi, wai don motar tana gurnani mai daɗin ji. Ya dawo da jar fitila a gaban sitiyari da ƙauri a ƙarƙashin mota. Tun daga bakin ƙofa Baba Kunne ya shaƙa.

"Kai ɗan nan, yashi ka tarar a babban titi?"

"Baba, ai in ka ji yadda take amsawa..."

"Kuka take yi, shashasha, ba amsawa ba. Da kunnenka yana aiki kamar bakinka da ka zama direba."

Wannan tafiya ta Babu Birki ita ta jawo mana komai. Wata ɗaya kafin nan an turo mana sabon Manaja. A hedkwata shi ne mai kula da sito, kuma daga can ya taho da ɗabi'a ɗaya: duk abin da ya dame shi sai ya manna masa takarda. A yanko farar takarda, a buga hatimin ofis, ya sa hannu, a shafa gam a liƙa a bakin abin, yadda in an buɗe dole ta yage. Ya manna wa sito, ya manna wa firij, ya manna wa kabad ɗin sabulu. Babu Birki ya ce saura bakunanmu, kuma a kan shi dai da ban yi musu ba.

Manaja ya nemi littafina, ya ga litar da tafiyar nan ta sha, ya tambayi dalili, na gaya masa gaskiya. Ranar shida ga Mayu ya kira ni ya ce in buga sanarwa: daga yau kowace mota a bar maɓallinta a kan ganye, a manna takarda a kai, duk direban da ya yage ya aikata babban laifi.

Na ce, "Yallaɓai, damina na tafe. Akwai gwajin da muka yi, yana rubuce."

"Kai akawu ne ko injiniya?"

"Akawu ne, yallaɓai."

"To buga."

Na buga. Baba Kunne ya karɓi littafin bara daga hannuna ya shiga wurin Manaja, ina biye. Ya buɗe masa shafi na arba'in da ɗaya, ya yi masa bayanin mutum biyu da ke aiki da biyu da ke kwance. Ya ce shi ma ya yarda da ganye a kwalta ɗari bisa ɗari, a hukunta mai wasa da maɓalli, amma ƙauyukanmu ba a kwalta suke ba. Manaja bai ko kalli shafin ba.

"Baba, zamaninku na sanda ya wuce. Wannan mota tana da kwamfuta, ta fi ka sanin inda za ta kai ƙarfi."

"Ranka ya daɗe, kwamfutar sai ta zame take sanin akwai taɓo. Ni tun daga nesa nake ganinsa."

"Na gama magana."

Ni na yanka takardun, ni na buga hatimin, ni na shafa gam. Da na zo motar Baba Kunne, shi ya riƙe min ƙofa. Ya ce, "Akawu, manna da kyau. Kada gobe ta ɓanɓare a ce ni ne."

Da ruwa ya sauka, sauran direbobin suka nemo dabara. Reza suke sawa su ɗaga gefen takardar a hankali, su murɗa, su wuce taɓo, su mayar su liƙe da ɗan gam da suke ɓoyewa a aljihu. Kowa ya sani, har ni. Suka yi ta yi wa Baba Kunne tayi, ya ƙi.

"Shekara ashirin da bakwai ban saci hanya ba, sai yanzu a kan 'yar takarda?"

Sai ya koma ɗaukar shebur da katako biyu a bayan mota. Yana zagaye ta doguwar hanya, yana tsayawa a bakin fadama ya jira ƙasa ta sha iska. A Yuni da Yuli sau biyu ya maƙale, ranar sha ɗaya ga Yuni da ranar huɗu ga Yuli, ya haƙa da hannunsa ya fita, dattijo mai jikoki, alhali maganin abin yana ƙarƙashin yatsansa. Ya dawo da laka har ƙugu, Babu Birki yana masa tsiya wai an ɗauki sabon manomi. Takardarsa kuwa ko ƙura bai bari ta hau ba.

Ranar Laraba, ashirin da ɗaya ga Agusta, Manaja ya ce zai je duba wata rijiya da aka gyara, a ɗauke shi hoto a gabanta. Baba Kunne ne ke kan layi. Ni ma aka ce in bi su don in rubuta kayan famfon da za a sauke. Mun fita ƙarfe tara da kwata, Manaja a gaba, ni a baya da akwatin kaya. An yi ruwa da asuba. Da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin muka iso wani tudu da hanyar ke bi ta gefensa, dama bangon ƙasa ne, hagu kuma kwazazzabo mai zurfin gida biyu. Baba Kunne ya tsaya a gindin tudun, ya fita, ya taka ƙasar da takalminsa, ya dawo.

"Ranka ya daɗe, wannan hawan ba na ganye ba ne. Ko ka ba ni izini in yage, ko mu jira rana ta yi awa biyu, ko mu juya."

"Mutane na jirana can. Doka kuma ni na kafa ta, ba zan fara karya ta ba. Ja mu je."

"Na faɗa maka dai."

"Na ji. Ja."

Ya ja a hankali. Rabin hawan lafiya. Daga nan na ji abin da na sani daga wurin wankin mota: ƙafafun gaba suka fara kuka a banza, injin ya yi sanyi da kansa, motar ta tsaya cak kamar mai tunani. Sai na baya suka farga suka kama da fizga, gindin motar ya juya hagu. Akwatin kayan ya bugi gwiwata. Na leƙa taga ban ga hanya ba, sai kan bishiyoyin da ke cikin kwazazzabon. Baba Kunne ya danne birki, amma motar ba ta daina sulalewa ba, a hankali a hankali, kamar ana jan ta da igiya.

Manaja ya riƙe hannun ƙofa da hannu biyu. "Baba! Baba, yi wani abu!"

"In yage?"

"Yage! Yage ta, don Allah, yage!"

Ya sa babban yatsa ya keta takardar, ya murɗa zuwa taɓo, ya jira daƙiƙa biyu har hoton ya kama, ya miƙar da sitiyari, sannan ya ɗora ƙafa a kan totur kamar mai tsoron tashin jariri. Na ji motar ta tattaro kanta. Ƙafa huɗu suka kama tare, laka ta yi ta dukan ƙarƙashi, muka haura kamar kunkuru har saman tudun. Da muka fita muka duba sawun, tsakanin tayar baya ta hagu da bakin ramin bai kai tsawon tafin hannuna ba. Na auna.

Manaja ya zauna a kan dutse yana goge fuska. Ya ce, "Baba, Allah ya yi maka albarka. Ka ceci rayukanmu." Ni kuma, da yake rubutu ne aikina, na buɗe littafi na rubuta a gefen shafin: "11:34. Mota ta zame a tudu. Manaja ya ba da izini a yage takarda. An yage." A hanyar dawowa Baba Kunne ya ce a sake manna sabuwa. Manaja ya ce ba komai, zai sa hannu in ya samu sarari. Na yanka takardar na buga hatimi na ajiye a teburinsa. Kwana shida tana nan.

Abin da ba mu sani ba shi ne, tun a Yuni Manaja ya aika wa hedkwata rahoto cewa ya ƙirƙiro hanyar tsimin mai, ya nemi a yi ta a dukan rassa. Ranar Talata, ashirin da bakwai ga wata, sai ga mai bincike ya zo ganin abin da idonsa, ba sanarwa. Aka jera motoci uku a harabar. Ta Babu Birki takarda lafiya lau, gam ɗin jiya ma bai gama bushewa ba. Ta biyu haka. Da aka buɗe ta uku, mai binciken ya nuna da biro ya ce, "Wannan fa?"

Ina tsaye taku uku daga Manaja. Ya ce, "Direban ne ya yage. Ba da sanina ba. Dama ina shirin ɗaukar mataki."

Baba Kunne yana riƙe da tsumman goge gilashi. Kallon Manaja kawai ya yi, irin kallon da yake yi wa mota in ta yi ƙarar da bai taɓa ji ba.

Na ce, "Yallaɓai, ina cikin motar, kuma na rubuta..."

Manaja ya katse ni: "Wa ya tambaye ka?"

Washegari aka ce in buga takardar tuhuma. Na ƙi, aka ba mai buga wasiƙu, amma ni aka kawo wa in sa a fayil, don aikina ne. Takarda ta huɗu ke nan. Da na huda ta na zura a igiyar fayil ɗin sai da na fita waje na tsaya.

Kwana biyu bayan haka Manaja ya shigo ɗakina da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka kira Baba Kunne, ya rufe ƙofa. Muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ajiye wata takarda da ya rubuta, wadda ke cewa direba ya yage ba da izini ba, ya yi nadama, yana neman afuwa.

"Baba, kai uba ne. Ka taimake ni. Sa hannu kawai, gargaɗi za a ba ka, magana ta mutu. In na canza magana yanzu a gaban hedkwata, na ƙare."

"Na taimake ka sau ɗaya a kan tudu."

"Takarda ɗaya ce fa."

"Ƙarya ce a cikinta, da sunana a ƙasa. Kai ka ce in yage. Sau uku ka faɗa, har da haɗa ni da Allah. Yanzu ni zan roƙe ka gafara? Ɗauke abarka."

'Yarsa ma ta zo ofis da ta ji, da allin makaranta a hannun rigarta. A bakin ɗakina suka yi ta.

"Baba, saura shekara biyu da 'yan watanni. Ka sa musu hannu su ƙarata, mu mun san gaskiya."

"Uwata, yaran da kike koyarwa, haka kike ce musu? In babba ya yi ƙarya ƙarami ya sa hannu?"

"Ni ba maganar aji nake ba, kai nake ji."

"To ki ji ni. Ba zan sa ba."

Ta juyo kaina idonta jajur ta ce, "Kawu, kai da kake rubuta komai, rubutun naka ba shi da amfani ne?" Na ce mata za a gani a gaban kwamiti. Da gaske na yi zaton haka.

Kwamitin ya zauna ranar goma ga Satumba, mutum uku: mai binciken, jami'ar kula da ma'aikata, da mataimakin Manaja. Na kai littafina na karanta musu layin ƙarfe sha ɗaya da minti talatin da huɗu. Jami'ar ta karɓa ta juya shi, ta gyara tabarau.

"Malam, wannan littafi yana da gurbin lokaci, gurbin kilomita, gurbin lita. Ina gurbin magana?"

"Babu, shi ya sa na rubuta a gefe."

"To abin da ke gefen shafi ba ya cikin littafi."

Shekara goma sha shida suna hukunta direbobi da littafin nan. Da shi aka ba Babu Birki gargaɗi bakwai, biyu daga ciki da abin da na rubuta a gefen shafi. Ranar da ya zo da gaskiyar da ba sa so, ranar ce gefensa ya daina zama littafi. Na faɗa musu haka, mataimakin Manaja ya ce in kula da harshena.

Aka tambayi Baba Kunne ko yana da abin faɗa. Ya miƙe.

"Abu ɗaya. Jiya an yi ruwa. Motar tana waje, tudun yana nan inda yake. Ku manna sabuwar takarda, ku hau ku uku, in kai ku a kan ganye. In mun haura lafiya, ku kore ni, na yarda. Wanda ya fara cewa in yage kuma, shi ma a buɗe masa fayil."

Ba wanda ya yi dariya. Mai binciken ya duba takardar gabansa ya ce wannan ba ya cikin abin da aka zaunar da su a kai. Tambayar ɗaya ce: an yage ko ba a yage ba? Baba Kunne ya ce an yage. Mai binciken ya ce to shi ke nan.

Na so in ce musu a ɗaga takardun sauran motocin a ga sawun reza. Baba Kunne ya riga ya hana ni tun da safe. Ya ce yaran suna da iyali, kuma rezar nan ce ta sa har yanzu ba a ɗauko gawar kowa daga rami ba.

Ranar Litinin, talatin ga Satumban 2019, aka ba shi takardar sallama saboda rashin biyayya da ƙin amsa laifi. Ya wanke motar, ya sauke shebur da katakonsa, ya kawo min makulli da ƙarfe huɗu saura minti biyar. Na rubuta. Ya tsaya yana kallon kabad ɗin, ya ce, "Akawu, miƙo min shi." Na ciro. Takarda ashirin da biyu, har da yagaggiyar takardar nan da aka manna a farin shafi a matsayin shaida, da hatimin da na buga da hannuna. Ya ɗora a tafinsa, ya ɗan jijjiga, ya ce, "Ya yi ƙiba," ya ajiye a tebur ya fita. Bayan tafiyarsa na ɗauki kwafin shafin ranar ashirin da ɗaya ga Agusta na zura a ƙarshe. Ita ce ta ashirin da uku. Ba wanda ya ba ni izini, ba kuma wanda ya cire ta.

Hedkwata ta karɓi dokar manna takarda a dukan rassa. Damina ɗaya ta yi. Bayan motoci sun yi ta kwana a taɓo sai aka daina aiko da umarnin sabunta takardun, amma ba a taɓa rubuta cewa an janye ta ba. An ƙara wa Manaja girma a shekarar da ta biyo, ya koma hedkwata. Na rubuta wasiƙa huɗu ina neman a sake duba maganar, ina da kwafinsu, ba a amsa ko ɗaya ba.

Baba Kunne ya samu aikin tuƙa tsohuwar bas ɗin makarantar da 'yarsa ke koyarwa. Shekara uku ya yi bai ko gogi bango ba. A 2023 idonsa na hagu ya fara hazo, ya ajiye tuƙi da kansa kafin kowa ya ce masa ya ajiye. Yanzu yana zaune a gidan 'yar tasa, yana wuni a benci wurin wani mai faci a bakin titinsu, masu mota suna tsayawa ya saurara musu inji. Nakan je wurinsa Asabar ɗin farko ta kowane wata. Bai ƙara tambayata fayil ɗin ba. Yana nan a kabad ɗina, aljihu na biyu, an rubuta "an sallama" da jan biro a bangonsa.